Kukan Kufai: Nazarin Jigon Kewa a Littattafai Uku Kan Filin Wasa na Ebbets

1.0 Gabatarwa

A ranar 23 ga Fabrairu, 1960 aka fara rushe filin wasan besbol na Ebbets da ke Buruklin, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin Niyok a ƙasar Amurka. Filin ya yi shekara 47 a tsaye, kuma ko a ƙarshen rayuwarsa abin da yake ɗauka bai wuce 'yan kallo kimanin 32,000 ba. Duk da ƙanƙantarsa, rubuce-rubucen da aka yi a kansa bayan rushewarsa sun yawaita, har sun zama wani reshe mai zaman kansa a adabin tuna baya na Amurkawa.

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin uku daga cikin waɗannan rubuce-rubuce, wato The Boys of Summer na Roger Kahn (1972), da Bums na Peter Golenbock (1984), da Wait Till Next Year na Doris Kearns Goodwin (1997). Za a duba jigonsu da zubinsu, sannan a auna abin da suka faɗa da abin da tarihi ya tabbatar. Matsayin maƙalar shi ne, ƙarfin littattafan yana wurin da suka yi amfani da filin don bayyana rashin iyaye da gushewar ƙuruciya, rauninsu kuwa yana wurin da mai karatu zai ɗauke su a matsayin bayanin dalilin da ya sa filin ya zama kufai. Batun ya shafi duk mai nazarin da ke dogara da tarihin rayuwa ko hira da dattawa wajen gano abin da ya auku a wani wuri da ya gushe. Kalmar kewa a nan tana nufin ɗokin da mutum kan ji na wani zamani ko wani wuri da ba zai ƙara komawa gare shi ba.

2.0 Filin Ebbets a Tarihi

Besbol wasa ne na ƙungiya biyu, kowace da 'yan wasa tara. Mai jifa yakan jefo 'yar ƙwallo, mai duka ya dake ta da kulki, sa'an nan ya yi ƙoƙarin zaga tashoshi huɗu ya dawo inda ya fara, wurin da ake kira gida, don ya ci maki. A zamanin da ake magana a kai kowace babbar ƙungiya takan buga wasa 154 a shekara, daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, rabi a filinta rabi a na abokan hamayya. Ke nan kusan kullum akwai wasa, kuma wannan ne ya sa rediyo ya shigar da shi cikin harkokin yau da kullum na gidaje.

Charles Ebbets, mai ƙungiyar Dodgers, shi ya gina filin a kan kuɗi dala 750,000, a wata unguwar matalauta da ake kira Pigtown, aka buɗe shi cikin Afrilu, 1913. Sunan ƙungiyar ya samo asali ne daga yadda mutanen Buruklin suke kauce wa taragun lantarki masu ratsa titunansu. Buruklin birni ne mai cin gashin kansa har zuwa 1898 da aka haɗe shi da Niyok, don haka ƙungiyar ta zama ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da suka rage suna ɗauke da sunan tsohon birnin. A 1950 yawan mutanen gundumar ya kai kimanin miliyan 2.7.

An shaidi filin da zaurensa na marmara mai fitila da aka yi wa hannuwa goma sha biyu masu siffar kulki, da kuma kusancin 'yan kallo da 'yan wasa. A nan aka fara nuna wasan manyan ƙungiyoyi a talabijin, ranar 26 ga Agusta, 1939. A nan kuma Jackie Robinson ya buga wasansa na farko ranar 15 ga Afrilu, 1947, ya zama baƙar fata na farko da ya shiga manyan ƙungiyoyi a ƙarni na 20. Sau biyar Dodgers ta kai gasar ƙarshe ta fid da gwani na ƙasa tana shan kaye a hannun maƙwabciyarta Yankees, wato a 1941 da 1947 da 1949 da 1952 da 1953, kafin ta yi nasara a 1955. Bayan shekara biyu kacal, ranar 24 ga Satumba, 1957, ta buga wasanta na ƙarshe a filin, a gaban mutum 6,702. Mai ƙungiyar na lokacin, Walter O'Malley, ya kwashe ta zuwa Los Anjalas. Da aka zo rushewa a 1960, an yi wa curin ƙarfen da ake dukan bango da shi fenti ya yi kama da ƙwallon besbol. A 1962 aka buɗe dogayen benaye na haya a wurin, masu ɗauke da gidaje kimanin 1,300.

3.0 Roger Kahn: Filin a Matsayin Ma'aunin Tsufa

An haifi Kahn a Buruklin a 1927, kuma ya bi ƙungiyar Dodgers a matsayin wakilin jaridar New York Herald Tribune a 1952 da 1953. Ya ɗauko sunan littafinsa, wanda ke nufin samarin lokacin zafi, daga wata waƙa ta mawaƙin Wales, Dylan Thomas. Zubin littafin kashi biyu ne. Kashi na farko tarihin rayuwar marubucin ne: ƙuruciyarsa a gidan 'yan boko inda uwa take ganin besbol ɓata lokaci ne, uba kuwa yake koya wa ɗansa wasan, da shigarsa aikin jarida, da shekara biyun da ya yi tare da ƙungiyar. A kashi na biyu ya bi sawun 'yan wasa goma sha uku, kusan shekara ashirin bayan haka, ya iske kowa a inda rayuwa ta ajiye shi.

Wannan zubi shi ne babbar nasarar littafin. Mai karatu yakan fara ganin mutanen da ƙarfinsu, dubban jama'a suna yi musu kirari, sa'an nan ya sake ganinsu bayan duniya ta juya. Roy Campanella yana kan keken guragu tun bayan haɗarin motar da ya yi cikin Janairu, 1958. Carl Furillo yana aikin ƙwadago, yana kafa na'urar hawa bene a ginin Cibiyar Ciniki ta Duniya da ake kan ginawa a lokacin. Billy Cox yana sayar da abin sha a wani ƙaramin gari na jihar Pensilbaniya. Ɗan Clem Labine ya dawo daga yaƙin Biyetnam ba ƙafa ɗaya. Carl Erskine yana renon ɗansa da aka haifa da lalurar Down, wadda ke jinkirta fahimtar yaro. Robinson kansa ya yi furfura, ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, babban ɗansa kuma ya rasu a haɗarin mota a 1971. A shekarar da littafin ya fito, 1972, Gil Hodges da Robinson duk suka rasu.

Abin lura a nan shi ne, kusan kowace ziyara tana komawa ne kan dangantakar uba da ɗa, wadda ita ce ta mamaye kashi na farko, inda rasuwar mahaifin Kahn ta rufe zamanin ƙuruciyarsa. Bisa ga haka, babban jigon littafin shi ne tsufa da mutuwa da abin da uba ke bar wa ɗa. Filin Ebbets ma'auni ne da marubucin ya kafa don a gane nisan da kowane mutum ya yi daga lokacin ganiyarsa. Da a ce filin yana nan tsaye ana wasa a cikinsa, da sababbin 'yan wasa sun maye gurbin tsofaffi a zukatan mutane kamar yadda aka saba. Rushewarsa ce ta tsayar da wannan ƙungiya ɗaya a matsayin ta ƙarshe, ta kuma ba Kahn damar mai da labarin wasa ya zama makoki.

Ta fuskar salo, Kahn ya fi burgewa idan ya bar mutanen suna magana da bakinsu, yana kawo ɗakin da suke zaune da aikin da hannuwansu ke yi. Inda ya fi rauni shi ne wuraren da ya cika kawo sunayen mawaƙa da marubuta don ɗaga darajar wasan, alhali labarin Furillo ko na Campanella ba ya bukatar wannan tallafi. Haka kuma, tun da littafin ya tsallake daga 1953 zuwa ƙarshen shekarun 1960, shekarun da aka yi ta taƙaddamar sabon fili sun faɗa cikin giɓin da ke tsakanin kashi biyun, ba su sami cikakken bayani ba.

4.0 Doris Kearns Goodwin: Filin da Aka Ji a Rediyo

Goodwin masaniyar tarihi ce, ta sami lambar Pulitzer a 1995 kafin ta rubuta wannan littafi. Sunan littafin kalma ce da magoya bayan Dodgers suka saba faɗa duk shekarar da aka ka da su, wato a jira baɗi. An haife ta a 1943, ta girma a Rockville Centre, wani gari na bayan birni a tsibirin Long Island. Tana da shekara shida mahaifinta ya ba ta littafin rubuta sakamakon wasa, ya koya mata alamomin da ake amfani da su. Da rana takan saurari mai sharhi Red Barber a rediyo tana rubutawa, da dare kuma idan uban ya dawo daga aiki ta ba shi labarin wasan daki-daki. Ta bayyana cewa da farko takan fara da faɗin wanda ya ci, sai daga baya ta gane cewa idan ta riƙe sakamakon zuwa ƙarshe uban ya fi saurarenta. Shi kuwa bai gaya mata cewa jaridar gobe tana kawo duk wannan bayani ba.

Wannan fage na farko shi ne mabuɗin littafin, kuma yana da muhimmanci ga mai nazarin adabin baka. Yarinyar ta karɓi labari da kunne daga mai sharhi, ta adana shi a rubuce cikin alamomi, ta mayar da shi da baka ga mai sauraro guda wanda take son yardarsa. A nan marubuciyar ta nuna, ba tare da ɓoyewa ba, cewa Ebbets ɗinta gini ne na magana kafin ya zama gini na bulo. Ta je filin, ta kuma siffanta shi, amma mafi yawan wasannin da suka cika littafin a ɗaki ko a kan titin unguwa ta same su.

Warwarar jigon ta bi shekarun 1949 zuwa 1958. An ga hamayyar wasa tsakanin maƙwabta da masu shaguna, da baƙin cikin 1951 lokacin da Bobby Thomson na ƙungiyar Giants ya fitar da Dodgers da duka ɗaya, da murnar 1955. An ga kuma tsoron cutar shan-inna da na bam na nukiliya. Ƙarshen littafin ya haɗa rashi uku a wuri ɗaya: ƙungiyar ta tafi a 1957, mahaifiyar marubuciyar, wadda ta daɗe tana fama da ciwon zuciya, ta rasu a farkon 1958, unguwar kuma ta watse yayin da maƙwabta suka yi ta ƙaura. Haɗa waɗannan uku shi ya ba littafin nauyinsa. Sai dai shi ne kuma ya sa zafin rashin uwa ya malala kan tafiyar ƙungiyar, har mai karatu ya ji kamar abu ɗaya ne ya jawo duka ukun.

Akwai wani abu da littafin ya nuna wanda ya fi abin da ya faɗa. Iyalin Goodwin suna cikin dubban iyalan da suka bar Buruklin suka koma bayan birni. Suna ƙaunar ƙungiyar, amma ƙauna ce ta rediyo da talabijin, wadda ba ta cika kujerun fili kullum. Masu nazarin adabin Larabci sun san al'adar mawaƙan Jahiliyya, irin su Imru'ul Ƙaisi, ta buɗe ƙasida da tsayawa a kufan da masoyiya da danginta suka tashi suka bari. A can wanda aka tafi aka bari ne yake kuka. A adabin Ebbets kuwa, da yawa daga masu kukan su ne suka riga ƙungiyar tashi.

5.0 Peter Golenbock: Muryoyi da Yawa, Hukunci Ɗaya

Littafin Golenbock tarihin baka ne. Sunansa laƙabi ne na raha da magoya baya suka yi wa ƙungiyar, ma'anarsa ta yi kusa da 'yan tasha ko gantalallu. Marubucin ya tattara hirarraki da tsofaffin 'yan wasa da 'yan jarida da magoya baya, ya jera su bisa tsarin shekaru, yana haɗa su da ɗan bayani nasa. Amfanin wannan hanya a fili yake. Ta adana ƙananan abubuwan da rahoton jarida ba ya kula da su, kamar Hilda Chester, matar da ta shahara da kaɗa ƙararrawa a kujerun talakawa, da 'yar ƙungiyar makaɗan sa-kai masu zolayar alƙalan wasa, da 'yan wasan da suke zaune cikin unguwanni suna haɗuwa da masu kallonsu a shago da titi.

Matsalar ita ce, an yi hirarrakin ne kimanin shekara ashirin da biyar bayan tafiyar ƙungiyar, kuma bayan littafin Kahn ya riga ya koya wa jama'a yadda ake ba da wannan labari. Mafi yawan magoya bayan da ake jin muryarsu fararen fata ne da suka yi ƙuruciya a lokacin. Idan aka zo kan dalilin tafiyar, muryoyin da suka saɓa a kan komai sai su haɗu a kan hukunci ɗaya, wato kwaɗayin O'Malley. Shahararren misali shi ne labarin 'yan jarida biyu, Jack Newfield da Pete Hamill, waɗanda aka ce kowannensu ya rubuta sunayen mutum uku mafiya mugunta a takarda ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sai aka tarar duk sun rubuta Hitila da Stalin da O'Malley. Labarin yana da daɗin ji, kuma shaida ce ingantacciya ta irin fushin da mutane suka riƙe. Amma yawan masu maimaita hukunci ba ya ƙara masa inganci idan duk daga rijiya ɗaya suka sha. Golenbock bai tsaya ya auna maganganun da takardun hukuma ba, kuma wannan shi ne babban giɓin aikinsa.

6.0 Abin da Kewa ta Tsallake

Neil Sullivan, a littafinsa The Dodgers Move West (1987), ya koma kan takardun hukuma, ya fito da wani hoto dabam. A 1947 mutum kimanin miliyan 1.8 suka shiga filin Ebbets. A 1957 adadin ya sauko zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, alhali ƙungiyar tana cikin ganiyarta. Filin yana da wurin ajiye mota kimanin 700 kawai, a daidai lokacin da masu kallonsa suke komawa bayan birni suna dogara da mota. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyar Braves da ta bar Boston ta koma Milwaukee a 1953 tana samun 'yan kallo fiye da miliyan biyu a shekara daga 1954 zuwa 1957.

O'Malley ya nemi gina sabon fili da kuɗinsa a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush, cikin Buruklin, kusa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Long Island. Abin da ya nema daga hukuma shi ne ta yi amfani da ikonta na karɓe filaye don amfanin jama'a, ta tattara masa wurin. Robert Moses, wanda ke riƙe da ragamar gine-ginen birnin, ya ƙi, yana mai cewa dokar gidaje ta 1949 ba ta ba da damar yin haka don amfanin ɗan kasuwa ba. Ya yi tayin wani wuri a Flushing Meadows cikin gundumar Queens, inda daga baya aka buɗe filin Shea a 1964. O'Malley bai karɓa ba.

Wannan bai wanke O'Malley ba. Ƙungiyarsa tana cikin waɗanda suka fi samun riba a shekarun 1950. Ya sayar da filin Ebbets a 1956 a kan dala miliyan uku, ya kuma kai wasu wasannin gida zuwa Jersey City a 1956 da 1957 don matsa wa hukuma lamba. Los Anjalas ta ba shi fili kimanin eka 300 a Chavez Ravine. Abin da binciken ya nuna shi ne, alhakin ya rabu tsakanin ɗan kasuwa mai neman riba, da jami'in da ke da nasa tsari, da jama'ar da suka canza wurin zama. Michael Shapiro ma, a The Last Good Season (2003), ya ɗora wa Moses babban kaso na alhakin.

Daɗin daɗawa, akwai mutane iri biyu da adabin kewar Ebbets bai ba su wurin da ya dace ba. Na farko su ne baƙar fata da 'yan Puerto Rico da suka yi ta shigowa tsakiyar Buruklin a shekarun da fararen fata suke fita. Wasu daga sababbin garuruwan bayan birni, irin su Levittown, sun hana sayar wa baƙar fata gida. Idan marubuci ya ce Buruklin ta mutu a 1957, to ya shafe waɗanda suka ci gaba da rayuwa a cikinta, har da dubban da suka zauna a benayen da aka gina a kan kufan filin. Na biyu su ne iyalan Amurkawa 'yan asalin Meziko na Chavez Ravine. An tashi mafi yawansu a farkon shekarun 1950 da alkawarin gina gidajen gwamnati, aka soke aikin a 1953, aka fitar da na ƙarshensu da ƙarfi cikin Mayu, 1959, sa'an nan aka buɗe sabon filin Dodgers a wurin a 1962. Ke nan labarin yana da kufai biyu, amma ɗaya ne ya sami marubuta masu yawa.

7.0 Matsayin Jackie Robinson

Duka littattafan uku sun ɗauki Robinson a matsayin hujjar cewa filin Ebbets ya wuce wurin wasa, wato wuri ne da Amurka ta fara gyara kanta. Akwai gaskiya a wannan, domin shigarsa ta riga hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata da shekara bakwai. Ya kamata kuma a yaba wa Kahn, wanda bai ɓoye wariyar da ya gani tsakanin 'yan wasa da 'yan jarida ba.

Amma a nan ma kewa ta yi gyaran fuska. Ranar da Robinson ya fara wasa mutum 26,623 ne suka shiga filin, ke nan akwai dubban kujeru babu kowa. Kafin wannan rana wasu daga abokan wasansa sun yi yunƙurin haɗa takardar ƙin yin wasa tare da shi. Shahararren labarin da ake bayarwa cewa Pee Wee Reese ya dafa kafaɗarsa a gaban masu zagi a Cincinnati a 1947, wanda har aka yi wa mutum-mutumi a Buruklin a 2005, Jonathan Eig ya bincika a littafinsa Opening Day (2007) bai sami jaridar wannan shekara da ta ruwaito shi ba. Abotar mutanen biyu tabbatacciya ce, amma rana da wurin da ake danganta wa lamarin sun fi dogara da tunanin da aka yi daga baya.

Mafi muhimmanci shi ne muryar Robinson kansa. Tarihin rayuwarsa, I Never Had It Made, ya fito a 1972, shekara ɗaya da littafin Kahn, kuma sunansa yana nufin cewa bai taɓa samun hutu daga gwagwarmaya ba. A cikinsa ya bayyana cewa a matsayinsa na baƙar fata a duniyar fararen fata ba ya iya miƙewa ya rera taken ƙasa. Mutumin da aka mayar tauraron zamanin da ake kewa bai tuna zamanin da irin wannan kewa ba. Duk wanda zai koyar da littafin Kahn ko na Goodwin, ya kamata ya ajiye na Robinson a gefensa.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta duba yadda littattafai uku suka sarrafa tarihin filin Ebbets. An ga cewa Kahn ya mai da filin ma'aunin tsufa, Goodwin ta haɗa rashinsa da rashin uwa da unguwa, Golenbock kuma ya adana muryoyin jama'a ba tare da ya tace hukuncinsu ba. A matsayin adabi, na Kahn ya fi ƙarfi saboda zubinsa, na Goodwin kuma ya fi gaskiya game da yadda labari ke samuwa tsakanin kunne da alƙalami da baki. A matsayin tarihi, babu ɗaya daga cikinsu da zai tsaya shi kaɗai.

Tasirinsu bai tsaya a takarda ba. A 1973 Frank Sinatra ya rera waƙar Joe Raposo mai suna There Used to Be a Ballpark, wadda ba ta ambaci sunan kowane fili ba, amma jama'a da yawa suka ɗauke ta a kan Ebbets. A 2009 ƙungiyar Mets ta buɗe filin Citi a Queens, aka yi wa fuskarsa siffar Ebbets, aka sa wa zaurensa sunan Robinson, a daidai yankin da O'Malley ya ƙi karɓa. A 2012 kuma aka buɗe zauren wasanni na Barclays a mahaɗar Atlantic da Flatbush, kusa da wurin da Moses ya hana.

Shawarar da za a bayar ga mai nazarin rubutun tuna baya da hirar baka ita ce ya riƙa yin tambaya uku game da kowane labarin kufai: yaushe mai ba da labarin ya bar wurin, wane rashi nasa na kansa ya zo daidai da rushewar, kuma su wa suka zauna a wurin bayan tafiyarsa. Amsoshin ba za su rage darajar littattafan Kahn da Goodwin da Golenbock ba, za su dai nuna iyakar abin da kowannensu zai iya zama shaida a kai.